Yadda za ki gane kayan ƙwalama marasa yawan sukari a babban kanti

Wata uwargida daga Samaru ta aiko da wannan tambayar: "Assalamu alaikum. Kwanan baya an auna maigidana, aka ce sugansa ya ɗan hau, bai dai kai ciwo ba, amma likita ya ce ya yi hattara. Shi kuwa mutum ne mai son taɓa-taɓa tsakanin abinci, ga yara uku da kullum sai an saka musu wani abu a jakar makaranta. In na shiga babban kanti kaina ɗaurewa yake yi, domin kowace leda an rubuta mata cewa tana da kyau ga lafiya. Yaya zan gane wadda ba ta da sukari da yawa, kuma me zan saya?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara wa maigida lafiya, Ya raya yara. Tambayarki ta zo a kan gaɓa, domin matakin da yake ciki yanzu, inda suga ya hau amma bai zama ciwo ba, shi ne lokacin da abin da ke shiga kwandon cefane yake da ƙarfin juya al'amarin baki ɗaya.

Abin da nake fara gaya wa duk wanda ya zo wurina da irin wannan damuwar shi ne ya daina yanke hukunci da gaban leda. Gaban leda bakin dillali ne: zai yabi haja iya yabo, ba lallai ya yi miki ƙarya ƙiri-ƙiri ba, amma aibun kaya ba zai fito daga bakinsa ba. Hoton alkama, da hoton saniya, da koren launi, da yaro yana tsalle, duk aikin masu talla ne. Abin da kike nema yana baya ko a gefe, cikin ƙananan rubutun da mutane ke ƙyuyar karantawa. Dokokin NAFDAC sun wajabta wa kamfani ya jera abubuwan da ya haɗa abincin da su, ya sa sunansa da adireshinsa da ranar ƙarewar wa'adin kayan, kuma galibin kayan manyan kamfanoni suna ɗauke da ɗan jadawalin da ke nuna yawan sukari da mai da gishiri. Ki ɗauki leda, ki juya ta. Da wannan kaɗai kin wuce yawancin masu tura kwando a kantunan PZ da Sabon Gari.

Amma lamba ba ta da amfani sai an san ma'auninta. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in da hali ma a sauko ƙasa da kashi 5. Ga baligi mai matsakaicin ci, kashi 10 ɗin nan kimanin giram 50 ne, wato cokalin shayi 12. Kashi 5 kuwa giram 25, cokali 6. Lissafin ya haɗa da wanda kika zuba a shayin safe da koko da fura, da wanda kamfani ya zuba tun a ma'aikata, da zuma, da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Bai haɗa da zaƙin ɗan itacen da aka tauna shi yadda Allah Ya halitta shi ba, haka ma zaƙin da ke cikin madara da nono tun asali. Rabon yara ya fi haka ƙanƙanta. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun ƙayyade giram 19 a yini ga ɗan shekara 4 zuwa 6, giram 24 ga ɗan shekara 7 zuwa 10.

Ki riƙe lamba huɗu a kanki. Cokalin shayi ɗaya na sukari, wanda ba a tula shi ba, kimanin giram 4 ne. Duk lambar da kika gani a leda, ki raba ta huɗu, sai ta koma cokula, abin da idonki ya saba gani a kicin. Giram 20 a takarda ba ya tayar da hankalin kowa, amma babu uwar da za ta tsaya ta ɗura wa ɗanta cokali biyar na sukari a baki ta ce ya tafi makaranta.

Yanzu ga jadawalin. Ki nemi layin da aka rubuta "Sugars" ko "of which sugars", yawanci yana ƙarƙashin "Carbohydrate". Sau da yawa za ki ga lambobi a jere biyu: ɗaya na giram 100, ɗaya na abin da kamfani ya ƙiyasta za a ci a zama ɗaya. Ki bi na giram 100, domin shi ne mudun da kowa ke awo da shi, shi zai ba ki damar gwada wannan biskit da wancan. Ƙiyasin zama ɗaya kamfani ne ke yanka wa kansa, kuma yakan yanka shi ƙarami, ya ce biskit biyu alhali kowa ya san sai an ga bayan ledar ake tashi. Ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya yana da sauƙin riƙewa, kuma shi nake ba mutane: a abin ci, giram 5 ko ƙasa da haka a cikin giram 100 kaɗan ne, abin da ya haura giram 22.5 ya yi yawa. Tsakaninsu matsakaici ne. A abin sha ma'aunin rabin wannan ne: 2.5 a mililita 100 kaɗan ne, abin da ya wuce 11.25 ya yi yawa.

Bayan kin gwada, sai ki duba nauyin ledar kanta. Misali, biskit mai giram 24 a cikin 100, ledar kuma giram 50 ce: yaro ya cinye giram 12 ke nan, cokali uku, rabin rabonsa na yini ko fiye, tun kafin a tashi tara. Wasu kayan da aka shigo da su daga Amurka ba sa nuna na giram 100 sam, sai na zama ɗaya, amma suna da wani layi mai amfani da ake rubuta "Added Sugars", wanda ke ware sukarin da aka ƙara daga na asali. A irin waɗannan ki kwatanta lambobi biyu: in zama ɗaya giram 30 ne kuma sukarinsa giram 10, to sulusin abin da ke hannunki sukari ne.

In babu jadawali, ko rubutun ya yi ƙanƙanta, jerin kayan haɗi zai faɗa miki gaskiya. Ƙa'ida ce a jera su daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Duk abin da sukari ya zo na ɗaya ko na biyu ko na uku a jerinsa, kayan zaƙi ne, ko da me aka kira shi a gaba. Sai dai sukari yana da sunaye da yawa a wurin masu kamfani: "glucose syrup", "corn syrup", "invert sugar", "dextrose", "fructose", "maltose", "malt extract", "molasses", "fruit juice concentrate". Kusan duk abin da aka kira "syrup", da yawancin waɗanda sunansu ya ƙare da "ose", sukari ne. Idan aka zuba iri uku kaɗan-kaɗan, kowanne sai ya sauka ƙasa a jerin, ga shi kuwa in an haɗa su sun fi komai yawa. Akwai kuma "maltodextrin", wanda ba a ƙirga shi a layin sukari, amma da ya shiga ciki yake narkewa ya hau jini da sauri. Ga maigida wannan sunan abin lura ne.

Bari mu koma ga kalmomin gaban leda, tunda su ne suka ɗaure miki kai. "No added sugar" na nufin ba a zuba ƙari ba, bai ce babu sukari a ciki ba. Ruwan 'ya'yan itace na kwali yakan ɗauki wannan rubutun alhali yana da giram 8 zuwa 10 a kowane mililita 100. "Reduced sugar" ko "less sugar" na nufin an rage idan aka gwada da na asalin, yawanci da rubu'i ko kusan sulusi, to abin da ya fara da giram 40 in an rage shi ya dawo 30, har yanzu yana layin masu yawa. "Light" na iya zama mai aka rage, kuma ba abin mamaki ba ne a cire mai a cike gurbin ɗanɗanonsa da sukari. "Sugar free" shi ne ke da iyaka tsayayya, wato bai wuce rabin giram a cikin 100 ba, amma shi ma da sauran magana a kansa, zan zo wurin.

Inda na fi ganin mutanenmu na faɗawa shi ne wajen abin da aka ce "na gargajiya ne" ko "da zuma aka yi" ko "da dabino aka yi". Zuma tana da daraja a wurinmu, Alƙur'ani ya ambace ta da waraka, kuma ba na jayayya da wannan. Amma kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta sukari ne, kuma jinin mai matsalar suga zai amsa ta kamar yadda yake amsa sauran. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne: ƙaramin ƙwaya ɗaya daidai yake da cokali guda, manyan nan masu taushi da ake kawowa tsaraba kuwa ɗaya yakan kai cokali huɗu. Dabino ɗaya ko biyu da aka tauna ya fi alawa nesa ba kusa ba, domin yana tafe da zare-zarensa da ma'adanansa, amma garin dabino ko ruwan dabino da ake sayarwa a robobi a matsayin madadin sukari, a zuba cokali uku a kunu da zuciya ɗaya, an gudu ne ba a tsira ba. Haka mazarƙwaila. Na san da yawa a ƙasar Zazzau, inda rake yake a Makarfi da kewaye, suna ganin ta fi farin sukari lafiya saboda ba ta bi ta injin bature ba. Tana da ɗan ma'adanai kaɗan da farin ya rasa, amma ruwan rake ne aka dafa ya daskare. Wajen hawa jini, da ita da farin da mai launin ƙasa duk kanwar ja ce.

Sai firij. Da za ki ce in zaɓar miki wuri ɗaya tak da za ki gyara ki bar sauran, nan zan nuna. Lemon kwalba da yawa suna da kimanin giram 10 a kowane mililita 100, to kwalbar 50cl ɗaya ta kai giram 50, cokali 12 da ɗoriya, rabon baligi na yini guda cur. Sukarin da aka sha kuma ya fi wanda aka tauna illa ta fuska biyu: yana shiga jini da sauri saboda babu abin da zai tare shi a ciki, sannan ba ya ƙosarwa, mutum zai sha ya zauna ya ci tuwonsa yadda ya saba. Lemon malta, wanda muka ɗauka abin ƙarin jini ne muke kai wa mai jego da mara lafiya, da yawansa sukarinsa kunnen doki yake yi da na lemon kwalba, kuma ba maganin ƙarancin jini ba ne. 'Yan ƙananan kwalayen nan masu tsinke da ake jefa wa yara a jaka, ki karanta jerin kayan haɗinsu: in an rubuta "fruit drink" galibi ruwa ne da sukari a gaba, ɗan itacen yana biye a baya. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari a Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar ke nan a kan kwalbar 50cl, kuma a ganina wannan bai isa ya hana kowa saye ba. Hanin sai dai ya fito daga gida.

Yogot yana buƙatar nasa lissafin. Wanda ba a zuba wa komai ba yana da giram 4 zuwa 5 na sukarin madara a kowane 100, wannan na asali ne, ba abin damuwa ba. Abin da ya haura haka ƙari ne. In kin ga 14, to kimanin 9 zubawa aka yi, a robar rabin lita kuwa wannan ya kai cokali 11. Ki nemi wanda aka rubuta "plain" tare da "unsweetened", domin akwai farin yogot da ba shi da launi ko ƙamshi amma an cika shi da sukari. In tsaminsa ya yi wa yara yawa, ki yanka musu ayaba ko gwanda a ciki, ko ki zuba rabin cokali da hannunki. Abin da kika zuba da kanki kin san adadinsa. Haka a madarar gwangwani, akwai ta ruwa wadda ba a sa mata sukari ba, akwai mai kauri mai danƙo da aka rubuta "sweetened condensed", wadda fiye da rabin nauyinta sukari ne.

Akwai tarkon da ya shafi maigida kai tsaye, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Abu zai iya zama ba shi da sukari a jadawali amma ya tayar da sugan jini. Farar fulawa sitaci ce, kuma ciki yana mayar da sitaci sukari cikin ɗan lokaci. Busasshen biskit mara zaƙi, irin wanda ake kira kiraka, sukarinsa bai fi giram ɗaya zuwa biyu ba a cikin 100, amma kusan kashi biyu cikin uku nasa sitaci ne. Wanda ake kira "digestive", da mutane ke saya wa tsofaffi da niyyar alheri, yakan kai giram 15 zuwa 17 na sukari, ga mai. Biskit ɗin "sugar free" mai tsada da ake ajiyewa a kantar masu ciwon suga, fulawa ce da mai, sukarin kawai aka musanya. Saboda haka ga maigida ki ɗaga ido sama da layin sukari ki duba na "Carbohydrate" gaba ɗaya, sannan ki duba "Fibre", wato dusa da zare-zaren abinci da ciki ba ya narkarwa, waɗanda ke rage saurin hawan suga. Giram 3 a cikin 100 ba laifi, 6 ko fiye ya yi kyau ƙwarai. Furotin ma yana taimakawa wajen riƙe ciki. In ya zama dole ya ci kiraka ko burodi, ya ci kaɗan ya haɗa da ƙwai ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kada ya ci shi gaya da shayi mai zaƙi.

To me za ki saya? Ki lura cewa abin da ya fi dacewa shi ne wanda jerin kayan haɗinsa bai wuce kalma ɗaya ko biyu ba. Soyayyar gyaɗa ta kwalba ita ce kan gaba: rubu'in nauyinta furotin ne, sukarinta bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, kuma tana riƙe ciki. Mu da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take a ƙofar gidanmu, wadda ta fitar da irin gyaɗar nan da ake kira SAMNUT, bai kamata mu bar gyaɗa mu bi biskit ɗin da aka ɗauko daga ƙetare ba. Sharaɗinta shi ne awo. Cikin tafin hannu ɗaya, kimanin giram 30, yana da kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) wajen 170, to a zuba a ɗan faranti a rufe kwalbar, kada a ajiye ta kusa da mai kallon labarai. Ki guji wadda aka lulluɓe da fulawa da sukari. Ki kuma zubar da duk wadda ta yamushe, ko ta yi ɗaci, ko ta yi warin fumfuna, domin gubar da fumfunar gyaɗa ke fitarwa tana cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Kashu ma yana da kyau, sai dai tsada. Ƙuli-ƙuli abu ne mai albarka, amma yanzu wasu masu ƙullawa a leda suna zuba masa sukari, ki duba ko ki ɗanɗana. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta roba, ki zaɓi wadda gyaɗa da gishiri ne kaɗai a jerinta.

Ƙwai ki saya kiret ki riƙa dafawa. Ɗaya yana da furotin giram 6, sukari kuwa kusan babu. Gugguru na leda galibi an yi masa wanka da sukari, amma masararsa ɗanya tana nan a kanta, ki fasa a tukunya da ɗan mai da gishiri kaɗan. Kilishi ba shi da sitaci mai yawa, sai dai wasu suna zuba sukari a labu, ga gishiri, to mai hawan jini ya taƙaita. Soyayyar agada ta leda, ta ɗanya ta fi ta nunanniya ƙarancin zaƙi, amma dukansu sitaci ne da mai, ba na kullum ba ne. In ran maigida ya biya da cakulan, na madara kusan rabin nauyinsa ko fiye sukari ne. Baƙin da aka rubuta wa 85%, wato yawan kokon cakulan da ke cikinsa, sukarinsa yakan sauko ƙasa da giram 15 a cikin 100, kuma ɗacinsa ba ya barin a ci da yawa. Tunda na ambaci gishiri: fiye da giram 1.5 a cikin 100 ya yi yawa, kuma in "Sodium" aka rubuta sai ki ninka shi sau biyu da rabi ki sami gishirin.

Gaskiyar da zan faɗa miki a matsayina na mai wannan aikin ita ce, rabin amsar tambayarki tana wajen kantin, a kan tiren masu talla da teburan kasuwar Samaru da Tudun Wada. Yalo, gurji, kokwamba, karas, dafaffiyar gyaɗa, gurjiya, awara, kwaɗon zogale da ƙuli: babu abin da ke cikin leda mai ƙyalli da ya kai su dacewa da mutumin da sugansa ya fara hawa. Goba tana da sukari wajen giram 9 a cikin 100 tare da zare-zare mai yawa, gwanda wajen 8, kankana 6, lemon zaƙi 9, ayaba 12, mangwaro wajen 14. Duk ana iya ci, a tauna kada a matse, a ci gwargwado, musamman lokacin da mangwaro ya cika gari ana zama a kan kwano. Kayan lambu kuma a wanke su sosai da ruwa mai tsabta.

Kantunanmu yanzu sun cika da kayan da ake yi a gida: zoɓo, kunun aya, cincin, dubulan, alkaki, tuwon madara, gullisuwa, kantu, iloka. Ina son ganin mata na neman na kansu, kuma ba na cewa a ƙaurace musu. Amma yawancinsu ba su da jadawali, kuma duk wadda ta taɓa yin alkaki ko tuwon madara ta san yawan sukarin da suke sha. A bar su a matsayinsu na kayan biki da sallah. Zoɓo da kunun aya kuwa ki yi naki a gida, ki ƙarfafa citta da kanumfari, ki rage sukarin. Aya tana da nata zaƙin tun daga gona.

Game da sinadaran zaƙi da ake sa wa a lemon "zero" ko "diet", za ki ga sunaye irin su "aspartame", "acesulfame", "saccharin", "stevia" da "sucralose", wanda duk da ƙarshen sunansa ba ya cikin sukarin da muka lissafa. Ba sa tayar da sugan jini yadda sukari ke yi. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da su don rage ƙiba, domin ba a ga amfaninsu na dogon lokaci a wannan fannin ba, amma ta ware masu ciwon suga daga wannan shawarar. A watan Yulin shekarar aka sa "aspartame" a rukunin abubuwan da ake zaton wataƙila suna da alaƙa da ciwon daji bisa hujja mai rauni, sai dai kwamitin masana bai sauya iyakar da ya amince da ita ba, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini, wanda baligi mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na irin wannan lemon kullum kafin ya wuce. Ra'ayina shi ne, ga mutumin da ya saba da kwalba biyu a rana, komawa "zero" mataki ne na gaba, amma ya zama hanyar wucewa zuwa ruwa. Yara ba na son a saba musu da shi, domin yana riƙe harshe a kan son zaƙi. Alawa da biskit masu "sorbitol" ko "maltitol" kuwa in an ci da yawa suna kawo kumburin ciki da gudawa, kuma maltitol yana ɗan tayar da suga.

Su yaran, kada ki yi musu juyin mulki a dare ɗaya. In kika kwashe komai rana guda, za su nemo shi a shagon bakin makaranta ko a jakar abokai. Ki fara da abin sha: gorar ruwa a maimakon ɗan kwali. Bayan sun saba, ki mayar da biskit na wasu ranaku, sauran ranakun ƙwai, ko ayaba, ko gugguru na gida, ko awara. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni in ana ragewa sannu a hankali, har abin da ake sha da daɗi a da ya koma yana gundura. Ga haƙora kuma, yawan lokutan da zaƙi ke taɓa baki yana da muhimmanci kamar adadinsa, domin duk sanda ya shiga, ƙwayoyin cutar baki suna mayar da shi tsami mai cin haƙori na kusan rabin awa. Alawar da aka tsotsa tun daga boko har islamiyya ta fi ɓarna a kan wadda aka ci bayan abincin rana aka kuskure baki. Ɗan ƙasa da shekara 2 kada a ba shi abin da aka ƙara wa sukari, ɗan ƙasa da shekara 1 kada a ba shi zuma saboda wata cuta mai shanye jiki da takan iya ɗauka, ɗan ƙasa da shekara 5 kuma kada a ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya don gudun shaƙewa, a daka masa. Sannan in da hali kada ki shiga kanti da yara suna jin yunwa; ba banza aka jera alawa da cakulan daidai tsayinsu a wurin biyan kuɗi ba.

Shi maigida, ki gaya masa yana da dalilin ƙarfafa gwiwa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 masu irin matsayinsa, aka wallafa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci, da motsa jiki na minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba maganin suga na metfomin, da nasu ya ragu da kashi 31. Minti 150 tafiyar rabin awa ce sau biyar a mako. Kayan ƙwalama yanki ne kawai na aikin. Girman malmalar tuwo, da yawan shinkafa, da sukarin shayi, duk suna cikin lissafi.

Idan akwai wani a gidan, kamar iyaye, da ke kan maganin ciwon suga na allurar insulin ko ƙwayar gilibenkilamaid, shi hukuncinsa daban ne: sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 3.9 a awon sugan jini na mmol/L, ya kama rawar jiki da gumi da jiri, kuma a wannan halin sukari ne maganinsa, kimanin giram 15, wato cokali huɗu a ruwa. Kada a kwashe masa sukari daga ɗaki gaba ɗaya, kuma kada ya rage abinci sosai ba tare da likitansa ya sani ba.

Maigida ya koma a sake auna shi a lokacin da likita ya sa masa, ko a asibitin koyarwa na Shika, ko na Gambo Sawaba, ko inda aka fara ganinsa. Awon safe ana yinsa ne bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 6.1 zuwa 6.9 mmol/L shi ne matakin gargaɗi, 7.0 zuwa sama kuma in ya maimaitu ciwo ne. Ya tambaya ko za a yi masa awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ya tafi da takardar sakamakon farko domin a gwada da sabon.